Zagayen Tsoffin Haikalan Angkor a Kan Keke: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu shirin zuwa Kambodiya domin zagaya haikalan Angkor da keke suka fi maimaitawa. An fara da na share fage, sannan aka gangara zuwa na hanya, na keke da na lafiya.

Mene ne Angkor, kuma a ina yake?

Angkor kufai ne na babban birnin daular Khmer, wadda ta yi mulki daga shekarar 802 zuwa ƙarni na 15. Yana arewa maso yammacin Kambodiya, dab da garin Siem Reap, inda masaukan baƙi da shagunan hayar keke suke. Faɗin yankin da ake karewa ya kai murabba'in kilomita 400, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1992. Mutane da yawa na ɗauka haikali ɗaya ne, wato Angkor Wat da ke jikin tutar ƙasar, alhali akwai gomman haikalai a warwatse cikin daji da gonakin shinkafa, da tafkunan da aka haƙa da hannu, da birni mai ganuwa.

Sarki Suryavarman na II ne ya gina Angkor Wat a farkon rabin ƙarni na 12 domin Vishnu na addinin Hindu, daga baya wurin ya koma hannun mabiya Budda, kuma har yau suna ibada a ciki. Birnin Angkor Thom da haikalin Bayon da ke tsakiyarsa aikin Sarki Jayavarman na VII ne, wanda ya hau mulki a 1181.

Me ya sa keke, tunda akwai abin hawa na haya?

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara sai ɗan tudun Phnom Bakheng da ake hawa da ƙafa. Daga tsakiyar Siem Reap zuwa Angkor Wat kusan kilomita 6 ne, tsakanin wannan haikali da na gaba kuwa galibi kilomita 1 zuwa 3, a kan kwalta, ƙarƙashin manyan itatuwa. Wanda bai saba hawa ba ma zai iya. Babbar ribar keke ita ce kai ke da lokacinka: kana iya juya tsarin zagaye ka guje wa ayarin motocin safa, ka tsaya a ƙananan haikalan da direbobi ke wucewa, ka shiga hanyoyin dajin da mota ba ta bi.

Sai dai keke na cin ƙarfin da za ka buƙata wajen hawan matakala da yawo cikin duwatsu masu zafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafa kilomita kawai a manta da awa huɗu ko biyar na tafiyar ƙafa a cikin haikalan. Haikali huɗu ko biyar a yini sun isa.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu: babu ruwan sama sosai, safiya da ɗan sanyi, rana na kaiwa wajen digiri 30 zuwa 32. A nan ne kuma baƙi suka fi yawa. Maris zuwa Mayu zafi ne tsantsa, Afrilu kan haura digiri 35 har ya doshi 40, kuma a tsakiyar watan ake bikin sabuwar shekarar Khmer, lokacin da 'yan ƙasa ke cika hanyoyin Angkor da motoci. Damina daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba take. Ruwan yakan sauko da yamma na awa ɗaya ko biyu, don haka mai fita da asuba ba ya asarar komai, ga daji ya yi kore, tafkuna sun cika, mutane sun ragu. Illar damina ita ce hanyoyin ƙasa na komawa jan laka mai danƙo, matakalan dutse kuma na yin santsi. A farkon Disamba ana tseren gudun famfalaki a cikin yankin, ana rufe wasu hanyoyi da safiyar ranar.

Yaya ake zuwa daga Afirka ta Yamma, kuma wace takarda ake buƙata?

Babu jirgi kai tsaye. Akan bi ta Addis Ababa, Doha, Dubai ko Istanbul zuwa Bankok, Singafo ko Kuala Lumpur, daga nan a canja zuwa Siem Reap ko Phnom Penh. Sabon filin jirgin Siem Reap da aka buɗe a Oktoban 2023 yana da nisan fiye da kilomita 40 daga gari, ka ware awa guda domin wannan tafiyar. Agogon Kambodiya na gaban na Najeriya da Nijar da awa 6.

Bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 ce, kuma fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Kambodiya ta daɗe tana tsaurara wa masu fasfon wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Sudan, saboda haka kada ka dogara da cewa za a buga maka biza a filin jirgi. Nemi amsa a rubuce daga ofishin jakadancin Kambodiya ko shafin gwamnatinta kafin ka biya kuɗin jirgi, ka riƙe shaidar masauki da tikitin komawa a takarda. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga mai fitowa daga ƙasashen da cutar take, kuma ana iya tambayarsa tun a inda ka canja jirgi. An yi faɗa a kan iyakar Kambodiya da Tailan a 2025, don haka shiga ta ƙasa daga Bankok sai an tabbatar iyakar a buɗe take.

Wane tikiti zan saya, a ina?

Iri uku ne: na kwana 1 dala 37, na kwana 3 dala 62, na kwana 7 dala 72. Na kwana 3 ana cinye shi cikin kwana 10, na kwana 7 cikin wata guda, ba sai a jere ba. Ga mai keke wannan muhimmi ne, domin yana ba ka damar hawa yau ka huta gobe. Na kwana 1 bai dace da keke ba sam. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba sa biya idan an nuna fasfonsu.

Hukumar Angkor Enterprise ce ke sayarwa, a shafinta na intanet ko a ofishinta da ke Hanya ta 60, wajen kilomita 4 daga tsakiyar gari. Ofishin ba a kan hanyar da ta miƙe zuwa Angkor Wat yake ba. Wanda ya taka keke cikin duhu har shingen bincike babu tikiti, baya za a mayar da shi. Sayi naka tun jajibiri. Wanda aka saya bayan ƙarfe 5 na yamma gobe yake fara aiki, kuma yana ba ka damar shiga kallon faɗuwar rana a wannan yammacin. Ana duba tikitin a kowane babban haikali. Na takarda sai a sa shi a leda saboda gumi, na waya kuma a ɗauki hotonsa a ajiye saboda inda babu sabis.

Wane irin keke zan haya, me zan duba kafin in karɓa?

Keken gari mai kwando, mai giya ɗaya, 'yan daloli kaɗan ne a yini, wasu masaukai ma kyauta suke bayarwa. Ya isa ƙaramin zagaye, wato gajeriyar hanyar da ta kewaya manyan haikalan, a kan kwalta. Idan za ka yi babban zagaye, ko hawan ganuwar Angkor Thom, ko zuwa haikalin Banteay Srei mai nisa, ɗauki keken tsauni mai giya da faffaɗar taya. Kuɗinsa ya ninka, amma gwiwa da ƙugu za su gaya maka bambancin a kwana na biyu.

Karɓi keken tun yamma, da sauran haske. Matse birkin gaba ka tura keken: idan ya ci gaba da tafiya ko hannun birkin ya taɓa mariƙi, roba ta cinye ko waya ta saki. Haka na baya. Ɗaga kowace taya ka juya ta ka ga ko tana layi ko tana gogar birki. Duba jikin tayar ko ya tsattsage. Hau ka zagaya unguwa ka shiga kowace giya, idan kaca na tsalle in ka danna feda da ƙarfi, haƙoran sun cinye, a canja maka wani. Daidaita sirdi ta yadda idan ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka za ta miƙe sarai. Sirdin da ya yi ƙasa shi ne tushen ciwon gwiwar da ake ɗora wa nisan hanya. Nemi kwaɗo, hular kwano da fitila, ka ɗauki hoton keken a gaban mai shagon saboda tsofaffin ƙwarzane. In an nemi jingina, ba da kuɗi ko kwafin fasfo, ainihin fasfon kuwa ya zauna a hannunka.

Me zan ɗauka a jaka?

Ruwa lita ɗaya da rabi na farawa, sauran a saya a hanya. Ƙunshin gishirin ORS biyu, dabino ko gyaɗa, hula mai faɗi ta yawon ƙafa, fitilar goshi, maganin shafawa na sauro, ƙananan kuɗi, da rigar ruwa idan damina ce. Na keke: tif ɗaya daidai girman tayar (lambar na rubuce a gefenta, 26, 27.5 ko 29), ƙaramin famfo, da ƙarafan ɓamɓare taya biyu. Takalmi mai rufe yatsu, mai riƙe dutse. Kada ka ajiye jaka ko waya a kwando haka kawai cikin gari, rataya ta a jiki ko ka ɗaure maɗaurinta a jikin keken, saboda masu fizge a kan babur.

Yaya zan raba kwana ukun?

Kwana na farko ƙaramin zagaye, kusan kilomita 17, da zuwa da dawowa ya doshi 30. Fara da Angkor Wat. Tafkin da ya kewaye shi faɗinsa mita 190, hasumiyar tsakiya kuma mita 65 daga ƙasa. Mafi yawan baƙi na rugawa sama su bar abin da ya fi cancantar lokaci, wato sassaƙen da ke bangon barandar hawa na farko, wanda ya zagaye ginin duka. Bi shi kana barin bangon a hagunka. A kudu akwai jerin gwanon rundunar Suryavarman da sarkin kansa a kan giwa, a gabas akwai sassaƙen alloli da aljanu suna jan maciji domin kaɗa tekun madara, tsawonsa kusan mita 49. Awa biyu zuwa uku ba su yi yawa ba. Daga nan kilomita biyu ba su cika ba zuwa Ƙofar Kudu ta Angkor Thom, sai wani kilomita ɗaya da rabi zuwa Bayon mai fuskokin dutse kusan 200. A bangon waje na Bayon ne za ka ga rayuwar talakawa ta ƙarni na 12: kasuwa, masu girki, faɗan zakaru, mace na haihuwa, da yaƙin jiragen ruwa da mutanen Cham, maƙwabtan Khmer. Fita ta Ƙofar Nasara, ka wuce Ta Keo da ba a ƙarasa sassaƙa shi ba, ka kai Ta Prohm na 1186, wanda saiwoyin itatuwa suka rungume bangayensa. Rufe da Banteay Kdei da tafkin Srah Srang.

Kwana na biyu babban zagaye, kusan kilomita 26, gaba ɗaya wajen 40. Ratsa Angkor Thom ba tsayawa, ka fita ta Ƙofar Arewa zuwa Preah Khan na 1191 tun ana buɗewa. Jayavarman na VII ya gina shi domin mahaifinsa, kamar yadda ya gina Ta Prohm domin mahaifiyarsa. Shi ma itatuwa sun ci shi, kuma mutane ba su kai na Ta Prohm yawa ba, a ganinmu ya fi shi daɗin zagayawa. Sai Neak Pean da ake kai wa ta doguwar gada a tsakiyar tafki, Ta Som mai ƙofar gabas da itace ya haɗiye, Mebon ta Gabas mai giwayen dutse a kusurwoyi, da Pre Rup na 961. Biyun ƙarshen na bulo da marmara ne, babu inuwa a kansu, shi ya sa wasu ke juya zagayen su fara da su da sanyin safiya. Sashen gabas na wannan hanya ya fi ƙarancin itatuwa.

Kwana na uku zaɓi ne: Roluos, ko Banteay Srei (duba tambayar haikalan nesa), ko hanyoyin daji da ganuwa. Roluos na kilomita 13 gabas da gari, akwai haikalan Preah Ko na 879, Bakong na 881 da Lolei na 893, waɗanda suka girmi Angkor Wat da fiye da shekara 200. Babbar Hanya ta 6 da ke kaiwa can cike take da manyan motoci, gara a bi hanyoyin ƙauye da ke kudu da ita.

Ina son ganin fitowar rana a Angkor Wat. Hawa cikin duhu ba haɗari?

Ana buɗe Angkor Wat da ƙarfe 5 na asuba, yawancin sauran haikalan kuwa sai 7:30, a rufe 5:30 na yamma. Phnom Bakheng da Pre Rup na kaiwa ƙarfe 7 saboda masu kallon faɗuwar rana, kuma a Phnom Bakheng mutum 300 kaɗai ake bari a sama a lokaci guda. Daga gari rabin awa ne a kan keke. Haɗarin ba daga hanyar yake ba, daga ababen hawan da ke rige-rigen isa ne a daidai lokacin, don haka jar fitilar baya ta fi ta gaba muhimmanci. Ana tuƙi a hannun dama kamar a Najeriya, Nijar da Gana, amma masu babur kan biyo gefen hanya ta hannun da ba nasu ba, ka sa ido a gabanka. Angkor Wat yamma yake kallo, rana ta bayansa take fitowa, kuma a wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba daidai kan hasumiyar tsakiya take ɓullowa. Da rana ta fito jama'a kan koma masauki karin kumallo, wannan awar ce mafi kyau ta shiga ciki.

Mun saba da zafi a gida. Me zai dame mu a can?

Zafin Sakkwato ko Agadas busasshe ne, gumi na bushewa ya sanyaya jiki. Na Angkor mai laima ne, gumi na zuba ba ya bushewa, jiki na asarar ruwa da gishiri ba tare da ya huce ba. A kan keke iska na ruɗin mutum, sai ya sauka ya shiga tsakar dutse sannan abin ya taso masa. Lissafa lita 3 zuwa 4 a yini, kurɓi kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi, a haɗa ORS bisa awon ruwan da aka rubuta a ƙunshin. Ruwan kwakwa da ake sayarwa a ƙofar kowane haikali yana taimakawa. Daga 11:30 zuwa 2:30 a zauna a inuwa.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka ko fitsari mai duhu alama ce ta a dakata nan take. Idan abokin tafiya ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi asibiti. Lambar motar asibiti 119, ta 'yan sanda 117. Mai azumi kada ya haɗa shi da zagayen yini guda a kan keke.

Ina ake ajiye keke idan za a shiga haikali?

Ba a shiga harabar haikali da keke. Akwai wurin ajiya kusa da masu sayar da abinci a kowace ƙofa. Kulle firam ɗin da tayar baya, ka cire fitila da jaka. Abin da ke kama masu keke shi ne Ta Prohm, Preah Khan da Banteay Kdei dogaye ne, ƙofa a gabas ƙofa a yamma. Mai direba na shiga ta nan ya fita ta can a ɗauke shi, kai kuwa dole ka dawo inda ka bar kekenka. Shiga ta tsakiya ka dawo ta gefe domin ka ga sabon abu, ka ƙara minti 15 zuwa 20 a lissafinka, ka kuma ɗauki hoton ƙofar da ka shiga domin kama suke da juna.

Da gaske ana hawa keke a kan ganuwar Angkor Thom?

Ganuwar murabba'i ce, kowane gefe kilomita 3, tsayinta mita 8, an gina ta da marmara aka tokare ta da ƙasa ta ciki. A samanta akwai siririyar hanya cikin itatuwa, zagayen duka kilomita 12, da ɗan haikali mai suna Prasat Chrung a kowace kusurwa. A kowace ƙofa sai an sauko an tura keken an sake hawa. Sashen Ƙofar Kudu zuwa Ƙofar Yamma ya fi sauƙi kuma ya fi kyan kallo. Akwai saiwoyi da yashi, kuma ta gefen tafkin da ya kewaye ganuwar babu abin kariya, saboda haka keken tsauni kawai, a hankali, ba bayan ruwan sama ba. Hukumar APSARA mai kula da yankin kan rufe sashen da ake gyara, inda ka ga allo ko igiya ka juya. Ta kuma shimfiɗa hanyar keke ta musamman a cikin dajin, a gefen kwalta. Haikalin Ta Nei, da hanyar ƙasa kaɗai ke kaiwa gare shi daga wajen Ta Keo, yana cikin wuraren da keke ya fi mota amfani.

Akwai dokar tufafi?

Akwai: kafaɗa da gwiwa a rufe, maza da mata. An fi tsananta ta a hawa na sama na Angkor Wat, inda ba a karɓar yafa gyale a kan riga mai siririn hannu. Wannan hawan ana rufe shi a ranakun ibadar Budda, kuma ba a barin yara 'yan ƙasa da 12 su hau. Gajeren wandon hawan keke ba zai wuce ba, a sa dogon wando mara nauyi a kansa, a ɗaure bakin ƙafar dama da roba kada kaca ta kama. Mai doguwar riga ko hijabi ta sa wando a ciki, ta zaɓi keke mai buɗaɗɗen firam da murfin kaca, ta tattare duk abin da ke reto kusa da tayar baya, domin mayafin da ya shiga taya na iya fizgo wuya. An hana taɓa sassaƙe, zama a kan gine-gine masu rauni, shan taba da tayar da jirgi mara matuƙi ba izini. Mace ba ta taɓa ɗan zuhudun Budda, kuma a nemi izininsa kafin ɗaukar hoto.

Ni Musulmi ne (ko Kirista). Za a sa ni yin wani abu na bautarsu?

A'a. A wasu lungunan akwai gumakan Budda da ake kunna wa turare, wani lokaci a miƙo maka tsinken turare, ko ɗan zuhudu ya ɗaura wa baƙi jan zare a hannu yana addu'a. Ba dole ba ne, murmushi da girgiza kai sun wadatar, kalmar godiya kuwa ita ce "akun". Kada dai ka ratsa gaban mai ibada ko ka ɗaga murya a wurin. Game da hukuncin shiga irin waɗannan wurare domin kallo da ɗaukar darasi, malamai sun yi bayanai da sharuɗɗa, mai shakka ya zauna da malaminsa tun kafin ya biya kuɗin tafiya.

Sallah da abincin halal fa?

Alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa, wajen digiri 287. Wanda ya saba fuskantar gabas ya kiyaye. Musulmin Kambodiya galibi 'yan ƙabilar Cham ne masu bin mazhabar Shafi'i, kuma a Siem Reap akwai masallaci a unguwar Stung Thmey, kusa da tsakiyar gari, da gidajen abincin halal a kewayensa. A cikin yankin haikalai akwai banɗakunan hukuma, kyauta ga mai tikiti, da ruwan da za a yi alwala. A shimfiɗa sallaya a inuwa a wajen harabar haikali. A Disamba da Janairu alfijir na ketowa jim kaɗan bayan ƙarfe 5, rana ta fito wajen 6:20 zuwa 6:30, don haka ana iya yin Asuba a masauki a kuma riski fitowar ranar.

Naman alade ya yawaita a girkin Khmer, sunansa "sach chrouk". Karin kumallon da aka fi sayarwa shinkafa ce da shi, kuma romon taliyar "kuy teav" sau da yawa da ƙashinsa ake dafawa ko da naman shanu aka ɗora a kai. A rumfunan cikin yanki tsaya a kan gasasshen kifi, ƙwai, farar shinkafa, ayaba, mangwaro da abarba, ko ka yo guzuri daga gari. Warin da za ka ji a miya na "prahok" ne, ruɓaɓɓen kifi mai gishiri da ke yi musu aikin da daddawa ke yi mana.

Taya ta yi faci ko kaca ta faɗi a tsakiyar daji. Sai yaya?

Kaca ta fi sauƙi: tura ƙaramin hannun giyar baya gaba domin ta saki, ɗora ta a haƙoran gaba, ɗaga tayar baya ka juya feda da hannu. Tana faɗuwa ne idan an canja giya ana danna feda da ƙarfi. Faci kuwa akwai masu gyaran babur a ƙauyukan cikin yanki, musamman wajen Srah Srang da Preah Dak, kuma suna liƙe tif ɗin keke. Matsalar ita ce bawul: mai kauri irin na babur kowa na da famfonsa, siriri mai ɗan noti a kai ba kowa ba, don haka duba naka tun a shago. In za ka canja da kanka, shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ƙayar kafin ka sa sabon tif, in ba haka ba za ta sake huda shi. Idan ramuka biyu ne a jere, iska ce ta yi kaɗan rim ya cije tif ɗin. Keken da ya ƙi gyaruwa ana ɗora shi a "remork", babur mai jan ɗan keken fasinja, wanda ake kira ta manhajar PassApp ko Grab. Layin waya na gida, Smart, Metfone ko Cellcard, na biyan kuɗinsa a irin wannan rana.

Birai, karnuka da sauro?

Biran da ke kan hanyar Ƙofar Kudu da kewayen Bayon sun saba da mutane, suna buɗe kwando su zare leda. Kada ka ba su abinci, kada ka ci a gabansu, in sun kama abu ka sakar musu. Akwai cutar haukan kare a Kambodiya. Cizo ko yaƙushin biri ko kare, a wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a je asibiti a ranar domin allura, komai ƙanƙantarsa. Kare ya biyo ka, sauka ka sa keken tsakaninku. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, ya fi yawa da damina. Zazzaɓi ya kama ka, sha farasitamol ka je gwaji, ka guji asfirin da ibufurofen domin suna ƙara haɗarin zubar jini.

Zan iya kai wa Banteay Srei da sauran na nesa?

Banteay Srei na 967 ƙarami ne, na jan dutse, sassaƙensa ya fi na ko'ina laushi da zurfi. Yana da nisan fiye da kilomita 30 daga gari, zuwa da dawowa kusan 70, inuwa kaɗan. Mai ƙarfi ya tashi da asuba ta Pre Rup da ƙauyen Preah Dak, inda ake dafa sukarin giginya a bakin hanya, ya biya Banteay Samre a dawowa. Wanda bai saba ba ya tafi da keke ya dawo a remork. Tikitin Angkor na aiki a can, amma tsaunin Phnom Kulen da Koh Ker kowanne da nasa tikitin. A waɗannan yankuna na nesa kada a sauka daga hanyar da ake bi, saboda ragowar nakiyoyin shekarun yaƙi. Jan allo mai hoton ƙoƙon kai gargaɗinsu ne.

Da wane kuɗi ake ciniki?

Dalar Amurka da riyel na Kambodiya, wajen riyel 4,000 a dala ɗaya. Canjin da bai kai dala ba da riyel ake bayarwa. Takardar dala mai yagewa ko tabo sau da yawa ana ƙin ta, kuma mai rumfa ba ya da canjin dala 50. Naira da sefa ba sa canzuwa a can, a taho da dala sababbi, a canja wasu zuwa riyel domin ruwa da faci.

Ya fi in taho da kekena daga gida?

Domin Angkor kaɗai, a'a. Yana da amfani ne ga mai doguwar tafiya, misali Phnom Penh zuwa Siem Reap, sama da kilomita 300 a Hanya ta 6, kwana huɗu ko biyar. A wannan hanyar ana ratsewa daga Kampong Thom kilomita 30 zuwa Sambor Prei Kuk, haikalan bulo na ƙarni na 7 da suka shiga jerin UNESCO a 2017, sannan a ga tsohuwar gadar marmara ta Kampong Kdei tun zamanin Jayavarman na VII.

Idan za ka taho da shi, nemi kwalin keke, cire tayar gaba da feda, juya mariƙi ya kwanta a jikin firam, rage iska, ka naɗe giyar baya da tsumma domin ita ce ta fi lanƙwashewa. Fedar hagu zarenta a juye yake, ta hannun agogo ake kwance ta. Tambayi kowane kamfanin jirgi da ke cikin tafiyar dokarsa daban, domin ƙaramin jirgin ƙarshe daga Bankok ko Kuala Lumpur ne ya fi cajin kuɗi ko ƙin kwalin, kuma ka roƙi masaukinka ya ajiye maka kwalin har ranar komawa.